Wace giyar gwangwani ce ta dace da yini a kan kogi a lokacin zafi?

Bitrus: Barkanmu da warhaka. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin ruwa. Mu takwas ne za mu bi kogi a kwale-kwale huɗu, daga hantsi har zuwa la'asar sakaliya, wato kimanin awa bakwai, kuma ana hasashen zafin ranar zai kai digiri 35. An ɗora mini alhakin sayen abin sha, biyar daga cikinmu suna shan giya, uku kuma ba sa sha. Bara ma ni na yi sayayyar, kuma ban ji daɗin yadda ta kaya ba, domin na ɗauki manyan gwangwanaye na mililita 500 masu ƙarfin barasa kashi 8 cikin ɗari, da tunanin cewa kaɗan mai ƙarfi ya fi sauƙin ɗauka a kan mai yawa marar ƙarfi. Kafin azahar ƙanƙarar ta narke, giyar ta yi ɗumi tana ambaliyar kumfa da zarar an buɗe ta, mutum ɗaya ya yi amai, wani kuma ya yi barci a tsakiyar rana har fatar kafaɗarsa ta saluɓe. Wace iri ce ta dace a wannan karon, kuma yaya zan yi sanyinta ya kai mu yamma?

Yakubu: Bitrus, kuskurenka na farko shi ne ƙarfin, ba girman gwangwanin ba. Ranar zafi ba ranar giya mai nauyi ba ce. Ka nemi laga mai haske wadda ƙarfinta bai wuce kashi 4 zuwa 4.5 ba, ko kuma irin filsna, wadda aka fara yi a garin Pilsen na ƙasar Cek a 1842, domin ɗan ɗacinta yana wanke baki kuma ba ta barin zaƙi a maƙogwaro. Akwai kuma Kölsch ta birnin Kolon a Jamus, wadda ita ma mai sauƙi ce, ko da yake ƙarfinta yakan kusanci kashi 5. Abin da zan hana ka shi ne baƙar giya mai kauri da kuma IPA, wata giya mai ɗaci da ake cika wa furen tsiron hof, wadda yawanci takan kai kashi 6 zuwa 7, saboda ƙamshin furen hof da ake sayenta dominsa shi ne abu na farko da zafi yake kashewa. A ganina giya mai sauƙi kusan ruwa ce, tana kashe ƙishirwa, kuma mutum zai iya yini yana kurɓa ba tare da ta taɓa shi ba.

Malama Rifkatu: Yaya Yakubu, na yarda da rabin maganarka ta farko, amma jimlarka ta ƙarshe ita ce irin maganar da take kawo mana mutane a ɗakin gaggawa, don haka ka yi mini haƙuri in tsaya a kanta. Aikin jinya nake yi. Barasa tana danne wani sinadari da ƙwaƙwalwa take saki mai suna basofiresin, wanda aikinsa shi ne ya umarci ƙoda ta riƙe ruwa, kuma idan aka danne shi sai fitsari ya ƙaru a daidai lokacin da jiki yake zubar da gumi. Mutumin da yake tuƙi da filafili a cikin irin zafin da Bitrus ya ambata zai iya zubar da lita guda na gumi a cikin awa ɗaya, wani ma fiye da haka. Gumi yana fita da gishiri, giya kuwa gishirin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba, saboda haka ba ta mayar da abin da aka rasa. Gaskiya ne cewa wannan tasiri kaɗan ne idan ƙarfin bai wuce kashi 2 ba, kuma yana ƙaruwa gwargwadon ƙarfin, amma sanyin da mutum yake ji a maƙogwaro ba shaida ba ce cewa jikinsa ya sami ruwa.

Bari in yi wa Bitrus lissafin abin da ya saya bara. Gwangwanin mililita 500 mai kashi 8 yana ɗauke da mililita 40 na tsantsar barasa, wato kimanin giram 32. Ƙaramin gwangwani na mililita 330 mai kashi 4 kuwa yana ɗauke da kusan giram 10 kacal. Hantar babban mutum tana iya sarrafa abin da bai wuce giram 7 zuwa 10 ba a awa ɗaya, kuma babu kofi ko wanka ko iyo da zai sa ta yi sauri. Ke nan duk wanda ya shanye gwangwani ɗaya daga cikin na bara ya ba hantarsa aikin awa uku zuwa huɗu da rabi, kuma na tabbata babu wanda ya tsaya a ɗaya.

Bitrus: Malama, wallahi ban taɓa yin wannan lissafin ba. Wanda ya yi barcin nan uku ya sha kafin rana ta take.

Yakubu: Malama Rifkatu, na karɓi gyara a kan batun ƙishirwa, ba zan yi jayayya da mai sana'a a kan sana'arta ba. Sai dai lissafin naki ya ƙara ƙarfafa abin da na faɗa ne, cewa a sauka ƙasa da ƙarfi. Idan haka ne ma, akwai radla, wadda Jamusawa suke haɗa giya da lemon tsami mai gas kusan rabi da rabi, ƙarfinta yakan tsaya a wajen kashi 2 zuwa 2.5, kuma sunan nata ma yana nufin mahayin keke, wato abin sha ne na mutumin da yake da sauran tafiya a gabansa. Akwai Berliner Weisse mai tsami wadda take wajen kashi 3, akwai kuma gose, wadda ake saka wa ɗan gishiri. Aibin radla a wurina shi ne sukari, domin idan ta yi ɗumi sai ta koma kamar ruwan alewa, kuma bayan gwangwani biyu baki yakan yi danƙo.

Baba Istifanus: 'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta. Na shafe fiye da shekara 30 ina bin koguna, kuma zan fara da abin da ba a yi gardama a kansa ba tukuna, wato dalilin da ya sa gwangwani ne ba kwalba ba, domin na ga matasa da yawa suna ɗauka cewa kwalba ta fi daraja. Kwalbar da ta fashe a cikin kwale-kwale masifa ce, saboda kowa ƙafarsa a waje take, ƙasan jirgin kuma a jiƙe yake, ba ka ganin gilashin sai ka taka shi. Na taɓa ɗaure tafin ƙafar wani yaro da rigata a kan wani tsibirin yashi, inda wasu da suka riga mu suka fasa kwalba suka tafi, yashi ya rufe ta ya bar baki ɗaya a sama kamar wuƙa. Sai da muka yi tuƙin awa biyu kafin mu kai inda mota za ta iya zuwa, yaron yana kwance a tsakiyar jirgi da ƙafarsa a kan kula, jini yana ɗiga a cikin ruwan da ya taru a ƙasa. Tun daga ranar, wanda ya zo da kwalba ba ya shiga jirgina. Wannan ne ya sa hukumomin koguna da yawa suka haramta gilashi ɗungurungum.

Amma kada ka ɗauka cewa gwangwani halal ne a ko'ina, Bitrus. A garin New Braunfels na jihar Texas a Amurka an haramta shiga kogin Comal da duk wani mazubi da ake amfani da shi sau ɗaya a yar, har da gwangwani, saboda yawan sharar da ake tsamowa daga ƙasan ruwa. Wasu wuraren kuma barasar ce gaba ɗaya aka hana. Ka tambayi masu kula da kogin da za ku bi kafin ka kashe kuɗinka.

Injiniya Dauda: Baba ya yi gaskiya, kuma zan ƙara da abin da ya shafi ɗanɗano. Haske maƙiyin giya ne. Idan hasken rana ya ratsa ta, yakan farfasa sinadaran ɗaci da suka fito daga furen hof, su haɗu da sulfa su samar da wani wari mai kama da na tunku, kuma a cikin kwalba fara ko koriya wannan yana iya faruwa cikin 'yan mintoci a tsakiyar rana. Kwalba mai ruwan ƙasa tana tare mafi yawan hasken, gwangwani kuwa yana tare shi duka. Ga kuma nauyi: gwangwanin alminiyom marar komai bai wuce giram 15 ba, alhali kwalba mai ɗaukar daidai wannan adadin tana kai wajen giram 200, kuma wanda ya taɓa ɗaukar kula daga mota zuwa gaɓa ya san bambancin. Masu cewa suna jin ɗanɗanon ƙarfe kuma, cikin gwangwanin a shafe yake da wani siririn rufi na roba, giyar ba ta taɓa ƙarfen, abin da suke ji ƙamshin murfin ne da hancinsu yake kusa da shi.

Tun a 1935 aka fara sayar da giya a gwangwani, a birnin Richmond na jihar Bajiniya, amma na lokacin na baƙin ƙarfe ne mai nauyi da sai an huda shi da mabuɗi. Abin da ya shafe mu a nan shi ne murfin. Na shekarun 1960 ana fizge shi ne ya rabu da gwangwanin gaba ɗaya, mutane suna yar da shi a yashi yana yanka ƙafa, har sai da aka ƙirƙiro wanda yake maƙale a jiki a 1975. Har yanzu ina ganin masu lanƙwasa shi gaba da baya har ya karye don wasa, sannan su jefa a ruwa, wato suna dawo da matsalar da aka riga aka magance.

Saratu: Injiniya, tunda kai ne masanin sanyi, ka amsa rabin tambayar Bitrus da kowa ya tsallake. Mu abin da muke yi shi ne mu zuba gwangwanayen a jakar raga mu ɗaura a bayan kwale-kwale, kogin ya riƙa sanyaya su, ba ruwanmu da ɗaukar ƙanƙara. Kuma idan mun ɗauki kula, ni a koyaushe ina tsiyaye ruwan da ya narke, domin na ji an ce shi ne yake cinye sauran ƙanƙarar.

Injiniya Dauda: Saratu, dabarar raga tana aiki, amma iyakarta ita ce zafin ruwan kogin, ba za ta sauka ƙasa da shi ko da digiri ɗaya ba. Idan kogin daga tsaunuka yake saukowa ko daga ƙasan madatsar ruwa yake fitowa, yana iya zama digiri 10 zuwa 12, kuma wannan ya wadatar. Idan kuwa kogi ne mai faɗi marar zurfi da rana take dukansa tun safe, zai iya kaiwa digiri 27 ko fiye, sai ki tarar kin yini kina jan kaya a banza. Ga kuma haɗarin igiyar, domin takan sarƙe da reshen da ke ƙarƙashin ruwa ta fizgi bayan jirgin, ragar kuma takan yage a kan duwatsu. Idan za a yi, a yi a inda aka tsaya hutawa, a ɗaga kafin a ci gaba.

Batun tsiyaye ruwa kuwa, a nan na saɓa miki. Ruwan da ya narke daga ƙanƙara yana kusa da digiri sifili, wato sanyi ne da kika saya da kuɗinki, kuma idan kika zubar da shi iska mai zafi ce za ta maye gurbinsa. Ruwa yana kuma lulluɓe gwangwani ta ko'ina, yana janye zafinsa da sauri fiye da iska nesa ba kusa ba. Ana tsiyayewa ne idan akwai abincin da zai jiƙe, shi ya sa nake ba da shawarar kula biyu, ɗaya ta abin sha da ake buɗewa kowane lokaci, ɗaya ta abinci da ba a buɗewa sai da dalili.

Bitrus, ga inda ƙanƙararka ta tafi bara. Kilo ɗaya na ƙanƙara yana shanye zafi mai yawa kafin ya narke, daidai da zafin da zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga sifili zuwa digiri 80. Amma idan ka zuba ƙananan gwangwanaye 24 masu zafin digiri 30 a cikin kula, kimanin kilo 8 ke nan na ruwa-ruwa, saukar da su zuwa digiri 5 kawai zai cinye kusan kilo biyu da rabi na ƙanƙara kafin ku bar gaɓa. Ita kanta kular, idan a cikin mota ko ɗaki mai zafi ta kwana, tana cin nata rabon. Maganin shi ne gwangwanayen su kwana a firji, kular kuma a zuba mata ɗan ƙanƙara tun dare a zubar da safe, sannan a yi lodi. Ka sa babban dunƙule a ƙasa, domin dunƙule yana daɗewa fiye da ƙanana saboda fuskar da yake nuna wa zafi kaɗan ce, ka cike tsakanin gwangwanayen da ƙanana, kada ka bar sarari. Mafi kyawun dunƙule shi ne robobin ruwan sha da aka daskarar, domin da yamma sun zama ruwan sanyi da za a sha. Sai ka rufe kular da farin tawul mai jiƙe, ka riƙa yayyafa masa ruwan kogi.

Saratu: To, na sha gyara. Amma wani ya ce mini a barbaɗa gishiri a kan ƙanƙarar, wai yana ƙara sanyi.

Injiniya Dauda: Yana ƙarawa, domin ruwan gishiri yana iya sauka ƙasa da sifili sosai ba tare da ya daskare ba, kuma dabara ce mai kyau idan ana so a sanyaya gwangwani mai ɗumi cikin 'yan mintoci. Sai dai ƙanƙarar tana saurin narkewa, ita giya kuma takan fara daskarewa a wajen digiri 2 ƙasa da sifili. Ga tafiyar awa bakwai ba na ba da shawararsa.

Yakubu: Ina so in koma kan girman gwangwani, domin ɗazu na ce ba shi ne matsalar ba, yanzu kuma ina ganin na yi gaggawa. Alminiyom siriri ne, yadda yake saurin ɗaukar sanyi haka yake saurin ɗaukar zafi, kuma raɓar nan da take taruwa a jikinsa ita ma ɗumama shi take yi, saboda tururin iska yana sakin zafi a lokacin da yake komawa ruwa. Babban gwangwani a hannu a tsakiyar rana, kafin ka kai rabi ya zama ruwan wanka, sai mutum ya ga gara ya yi sauri ya shanye kafin ya lalace, kuma saurin nan shi ne abin da Malama take gudu. Ƙarami na 330 a cikin rigar soso mai riƙe sanyi ya fi. Akwai kuma camfin da ake yaɗawa cewa giyar da ta yi sanyi ta yi ɗumi ta sake yin sanyi ta lalace. Ba sauyin ne yake lalata ta ba, daɗewa a cikin zafi ne, shi ne yake tsufar da ita har ta riƙa ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. Ka duba ranar da aka cika gwangwanin ko ranar ƙarewarsa a gindinsa, kuma kada ka saya daga tarin da aka jibge a rana.

Malam Haruna: Jama'a, ni ba na shan giya, kuma ban shigo don in yi wa kowa wa'azi ba. Na shigo ne domin ni ne nake zama a bayan jirgi, kuma duk muhawarar nan ba a ambaci matuƙi ba. Bitrus ya ce kwale-kwale huɗu ne, masu sha biyar, marasa sha uku. Lissafin bai cika ba, domin akwai jirgi ɗaya da zai kasance babu mai cikakken hankali a cikinsa. Wanda yake baya shi ne yake karanta ruwa, shi ne yake hango kututturen da ya nutse daga yadda saman ruwan yake murɗawa, kuma yana da daƙiƙa biyu ko uku ne kawai ya yanke shawarar dama ko hagu. Rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka tana fitar da rahoton haɗurran jiragen shaƙatawa duk shekara, kuma barasa ce take fitowa a matsayin babban sanadin da aka sani na haɗurran da aka rasa rai. A dokar tarayyar ƙasar, matuƙin jirgin ruwa da barasar jininsa ta kai kashi 0.08 ya yi laifi kamar direban mota, kuma ƙasashe da dama suna da irin wannan doka. Ra'ayina shi ne matuƙin jirgi na huɗun ya haƙura da sha har sai an fito da jirage kan tudu, shi ma wanda zai tuƙa mota zuwa gida ya haƙura gaba ɗaya.

Yakubu: Malam Haruna, ba ka ganin an tsananta? Kwale-kwale ne a kan ruwa mai tafiya a hankali, ba jirgi mai inji ba. Gwangwani ɗaya mai kashi 3 a cikin awa biyu ba zai kifar da kowa ba.

Malam Haruna: Yakubu, ruwan da yake tafiya a hankali shi ne wanda mutane suke cire rigar ceto a kansa, kuma shi ne wanda suke tsayawa a tsaye a cikin jirgi don yin fitsari. Ka tambayi Baba sau nawa ya ga an faɗa ruwa ta wannan hanyar.

Baba Istifanus: Ba zan iya ƙirgawa ba, Haruna. Kuma giya ce take cika mafitsarar tun farko.

Malama Rifkatu: Ina goyon bayan Malam Haruna, kuma ga dalilin da ya sa gwangwani ɗaya a kan ruwa ba daidai yake da gwangwani ɗaya a kan kujera ba. Rana, ƙyallin ruwa a ido, iska da rangajin jirgi suna gajiyar da mutum tun kafin ya sha komai, barasa kuma tana taɓa cikin kunne, inda ma'aunin daidaiton jiki yake. Wanda ya sha ya faɗa ruwa mai duhu yana iya rasa sanin ina ne sama, ya yi iyo zuwa ƙasa. Idan kuma kogin irin mai sanyin nan ne da Injiniya ya ambata, ƙasa da digiri 15, jikin da ya yi zafi yana faɗawa sai numfashi ya fizge da kansa, kuma idan kai yana cikin ruwa a wannan daƙiƙar, ruwa ne zai shiga huhu, ko da mutum gwanin iyo ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a labarin Bitrus shi ne mutumin da ya yi barci a rana. Alamomin bugun zafi, wato ruɗewa, tangaɗi, magana marar kan gado, amai da suma, su ne dai alamomin maye, don haka abokai sukan yi dariya su ce a bar shi ya huce. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 ana maganar rai ne, kuma minti nawa aka ɗauka kafin a sanyaya shi shi ne yake raba wanda zai tashi da wanda ba zai tashi ba. Duk wanda ya ruɗe a ranar zafi a ɗauke shi a matsayin mai bugun zafi, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa sosai, a sa ƙanƙarar kular a wuyansa da hammatarsa da matsematsinsa, a nemi taimako, kuma kada a ɗura masa komai a baki idan ba ya cikin hayyacinsa. Bitrus, ka lissafa aƙalla lita 3 zuwa 4 na ruwan sha ga kowane mutum, ka saka 'yan ƙunshin gishiri da sukari na ORS a jakar magani, kuma ruwan ya kasance a saman kula inda hannu zai fara kaiwa.

Saratu: Tambaya a madadin marasa sha ukun nan, domin kada a bar su da ruwa zalla. Giyar da aka rubuta wa marar barasa fa, da gaske babu komai a cikinta?

Yakubu: Sai an karanta jikin gwangwanin da kyau. A Amurka da Jamus doka ta yarda a kira abin sha marar barasa ko da yana ɗauke da abin da bai kai ko bai wuce kashi 0.5 ba, saboda haka wanda ba ya son ko ɗigo sai ya nemi wanda aka rubuta wa 0.0 ƙarara. Kuma gara a tambayi su ukun kafin a saya, domin wani ba ya son ko kamannin abin a hannunsa, ya fi son ruwa mai gas ko lemo. Ni kaina na fara saka irin 0.0 ɗin a tsakanin nawa, ɗaya da ɗaya, kuma idan ta yi sanyi sosai bambancin ba shi da yawa.

Injiniya Dauda: Idan za a ɗauki lemo, a sani cewa gwangwanin kola na 330 yana ɗauke da sukari kimanin giram 35, wanda ya sa ya fi ruwa nauyi. Idan jirgi ya kife, mai sukari nutsewa yake yi, marar sukari kuma ya taso. Ko ma dai mene ne a ciki, a ɗaure kular da jikin jirgin, murfinta kuma ya kasance mai maƙulli.

Baba Istifanus: Abu biyu suka rage da ban ga an faɗa ba. Na farko, rina da ƙudan zuma suna son bakin gwangwanin da aka buɗe, musamman mai zaƙi irin radlar Yakubu, kuma suna shiga ciki inda ido ba ya gani. Na ga mutum ya kurɓa an harbe shi a harshe, cikin minti goma bakinsa ya kumbura har muryarsa ta sauya, kuma mun yi sa'a kumburin bai kai maƙogwaro ba. Idan ka ajiye gwangwani a gaɓa, ka juya ɗan murfin nan ya rufe ramin, ko ka ɗora hula a kai. Na biyu, kowane jirgi ya tafi da jakar ragarsa ta shara a ɗaure, a taka gwangwani ya lotse kafin a saka. Ka ƙirga nawa ka loda da safe, ka ƙirga nawa suka dawo da yamma. Zoben robar da yake haɗa gwangwanaye shida kuma ka cire shi tun a gida ka yayyanka, domin yana shaƙe tsuntsaye da kunkuru.

Bitrus: Na gode ƙwarai, Baba, na gode Malama da kowa da kowa. Ga abin da na tsayar. Zan ɗauki ƙananan gwangwanaye na 330, laga mai kashi 4 da radla rabi da rabi, uku ga kowane mai sha, ba za a buɗe na farko ba sai an tsaya cin abincin rana, sauran kuma sai mun fito. Na kira su ukun, biyu sun ce ruwa mai gas, ɗaya ya ce 0.0. Jirgi na huɗu ni zan zauna a bayansa, don haka nawa rabon zai jira ni a kan tudu. Injiniya, robobin ruwan lita ɗaya da rabi nake da su guda goma sha biyu, firjin kuma ƙarami ne, kwana nawa zan ba su kafin su daskare har ciki?

Injiniya Dauda: Ka ba su kwana biyu cur, kada ka cusa su duka a lokaci ɗaya idan firjin ƙarami ne, ka fara da shida. Ka rage ruwan kowace roba da kamar yatsa uku kafin ka saka, domin ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, kuma cikakkiyar roba tana iya tsagewa. Huɗu daga ciki kada ka daskarar da su, ka bar su da sanyin firji kawai, in ba haka ba da hantsi kowa zai riƙe dunƙulen ƙanƙara yana jiran ya narke.